Shekara Uku Ina Ƙidayar Tartsatsi

Jirgin ƙasa ya sauke ni a garin da tsakar rana, amma babu ranar. Sama ta yi toka-toka, ana wani yayyafi mai sanyi da ke shiga ta wuyan riga. Ina da akwati ɗaya da jakar goyo, sai takardar da na rubuta adireshin ɗakin da na kama ta intanet tun ina Yamai. Na bi adireshin da ƙafa ina jan akwati bisa duwatsun titi har na iske lambar gidan. Shagon wankin tufafi ne, kuma ya daɗe a rufe, don har ciyawa ta fito a bakin ƙofarsa. Na kira mutumin da na aika wa kuɗin ɗakin. Wata muryar na'ura ta amsa da Italiyanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane an cuce ni.

Sunana Isuhu. A lokacin shekarata talatin da uku, bakwai daga ciki na yi su ina koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare, ta Illela a Nijar, inda yara da iyayensu ke ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Ƙauyenmu tafiyar rabin awa ce bisa babur daga can. Na baro mahaifina, Malam Shu'aibu, manomin hatsi da wake, na kuma baro matata Rakiya da ciki wata huɗu. Wata jami'a ce a arewacin Italiya ta ɗauke ni in yi digirin dakta, ni kuwa na ɗauka wahalar duka ta ƙare ranar da biza ta fito.

Da na rasa inda zan nufa, sai na ja akwatina zuwa jami'ar. Ranar Asabar ce, ginin shiru, ƙofa ɗaya kawai na samu a buɗe a ƙasan bene. Ciki wani tsoho ne gajere mai farin gashin baki yana ɗaure tiyo a bakin tukunyar gas. Ya dube ni, ya dubi akwatin da ke ɗigar ruwa, ya yi mini magana da yarensu. Na amsa da Faransanci, sai fuskarsa ta saki. Ashe ya yi aiki a wata masana'anta a Beljiyam yana saurayi, yana da ragowar Faransancin da ya yi tsatsa.

"Kai ne ɗan Afirkan da Farfesa ta ce zai zo? Ina ka sauka?"

Na nuna masa takardar. Ya karanta, ya yi tsaki, ya faɗi wata kalma da daga baya na gane zagi ce.

"Kai ne na uku da wannan shagon ya ci. Ɗauko kayanka."

Sunansa Buruno, shi ne mai kula da injuna da gas na labo ɗin, wato ɗakin gwaje-gwajen da zan yi aiki. Ya kai ni gidansa a bayan gari, ya buɗe mini wani ɗaki bisa garejin motarsa, inda mahaifiyarsa ta zauna har ta rasu. Akwai gado, da tebur, da taga mai kallon layin dogo. Ya tambaye ni ko ina cin naman alade, na ce a'a, ya ce to ya ji, bai sake tambaya ba. Ya ce in zauna mako ɗaya kafin in sami wuri. Shekara uku da rabi na yi a ɗakin nan.

Ranar Litinin aka nuna mini aikina. Shugabar labo ɗin mace ce, Farfesa Elena, doguwa mai saurin magana, kullum kamar jirgi zai bar ta. Ta ajiye wani akwatin ƙarfe gabana, bai fi faifan tankaɗe faɗi ba, ta ce wannan shi ne abokina daga yau.

Bari in faɗi abin da yake, don mutanenmu sun sha tambayata. Akwai wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, suna ratsa iska da bango da jikin mutum ba a ganinsu. Akwatin nan tarko ne na gane wucewarsu. Ana cika shi da iskar gas, a shimfiɗa wani faifai a ciki, siririn leda mai rufin jan ƙarfe sama da ƙasa, an huda shi da ramuka da ido ba ya gani. Sai a ɗora masa kuran, wato wutar lantarki, mai ƙarfi. In ƙwaya ta ratsa, takan fizgo ɗan caji daga gas ɗin, cajin ya faɗa cikin ramukan ya yi ta haihuwa, ɗaya ya zama goma, goma ya zama dubu, har ya kai yadda na'ura za ta ji shi ta rubuta. Matsalar ita ce in cajin ya yi yawa a rami guda, sai wuta ta yi tsalle daga fuskar faifan zuwa bayansa. Za ka ji "tas", kamar an karya tsinke. Wannan shi ne tartsatsi. In ƙarami ne, akwatin ya makance na ɗan lokaci ya farfaɗo. In ya zo da ƙarfi, ko wani ya biyo bayansa, sai ya ƙone faifan, aikin watanni ya tashi a banza. Manyan wuraren bincike suna jera ɗaruruwan irin faifan nan, don haka kowa yana son sanin yaushe tartsatsi ke tashi, kuma me ke kawo shi.

Aikina shi ne in ƙara ƙarfin kuran kaɗan-kaɗan, in zauna in ƙidaya. Na'ura tana ƙidayawa, amma Buruno ya ce kada in yarda da ita ita kaɗai, in riƙa rubutawa da hannu. Ya ba ni wani kaye, littafin rubutu mai baƙin bango. Haka na wuni watanni, a ɗakin da babu taga, ina sauraren "tas". Mutumin da ya saba tsayawa gaban yara tamanin yana ɗaga murya, ga shi zaune shi da akwati, wani lokaci tun safe har la'asar bai furta kalma ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba sanyi ba ne, ko da yake sanyin ya fasa mini leɓe da dugadugai. Rashin gaisuwa ne. A Illela daga gida zuwa lakwal, makarantar da nake koyarwa, nakan gaisa da mutum talatin, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi tsoho. Nan kuwa makon farko na shiga bas na yi sallama da ƙarfi, wata mata ta janye jakarta ta rungume. Na koyi yin shiru. Na koyi cin taliya a tsaye. Wata rana na ga garin masara a kanti, na saya da murna na tuƙa tuwo, amma babu kuka, babu daddawa, na ci shi da miyar tumatirin gwangwani ina tuna furar da Rakiya ke dama mini in na dawo daga aiki.

A ƙauyenmu rezon salula ba ya kamawa sai an hau tudun bayan masallaci, shi ma murya kawai yake ɗauka, hoto sai an yi sa'a. Duk Juma'a bayan an sauko, Rakiya takan raka Baba tudun, ta riƙe masa salula ya yi magana, saƙon ya iso mini lokacin da Allah ya so. Baba bai taɓa tambayata karatu ba. Tambayarsa ɗaya ce.

"Isuhu, ya ƙasar mutane? Ruwa sun sauka nan wajenku? Mu nan munka yi shibka, sai sunka ɗauke. Hatsi na nan ya murɗe, amma Allah na nan."

Da farko nakan ce masa ana yi, shi ke nan. Sai ya ce wannan ba amsa ba ce, ruwa iri-iri ne, wane iri? Don in sami abin gaya masa, sai na fara rubuta yanayin kowace rana a gefen kayen nan mai baƙin bango, da Hausa, kafin in shiga ɗakin da babu taga. Yayyafi. Hadari bai zubo ba. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rana ta fito. Ranar Juma'a in karanta masa na mako duka, ya yi ta mamaki, yana cewa mutanen da Allah ya ba ruwa haka me suke nema kuma cikin akwati?

A wata na biyar saƙon Rakiya ya zo ina tsakiyar aiki. Muryarta ta gaji, amma tana dariya.

"Mushe, an sauka lahiya. Ɗiya ce. Baba ya ce sunan Inna za a sa mata."

Sunan mahaifiyata ke nan da ta rasu, don haka muke kiran yarinyar Ummi. Ranar suna na sayi dabino a shagon wani ɗan Maroko na kai labo, na ajiye bisa tebur. Mutane suka ɗauka suna cewa na gode, ba wanda ya tambayi dalili sai Buruno. Da na gaya masa, ya kama kafaɗuna biyu ya girgiza ni, ya ce, "Kuma kana nan zaune kana ƙidayar wuta?" Na ce to ina za ni?

A labo ɗin akwai wani Marko, wanda ya riga ni gama digiri, shi aka ɗora ya duba aikina. Mutum ne mai fara'a in Farfesa tana wurin. Lissafina ya ƙi daidaita, abin da ya haɗa mu ke nan. Ƙarfin kuran ɗaya, gas ɗaya, faifai ɗaya, amma yau in sami tartsatsi biyar, jibi in sami arba'in. Marko ya ce hannuna ne.

"Wataƙila a wajenku ba a saba da aiki mai tsabta ba," in ji shi, yana murmushi. "Ƙura ɗaya ta isa. Kana sa safar hannu kuwa?"

Ina sawa. Ina rufe kai da baki, ina wanke faifan yadda aka koya mini. Amma baƙo ko da ido makaho ne, sai na fara zargin kaina.

Sai ranar da faifan ya ƙone. An kwana uku ana ruwa. Na ɗora kuran daidai inda na saba, ban kai ko'ina ba na ji "tas", kafin in miƙa hannu na ji na biyu, mai kauri, sai allurar na'ura ta kwanta. Muka buɗe akwatin, muka sa faifan ƙarƙashin madubin ƙara girma. Rami ɗaya ya yi baƙi, bakinsa ya narke kamar an ɗiga masa dalma. Faifan aro ne daga wata jami'a, kuma sai an jira wata huɗu kafin a sami wani.

Farfesa ta kira ni buro, wato ofishinta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce Marko ya gaya mata na wuce iyakar da aka sa mini. Na ce ban wuce ba. Ta dubi agogo, ta ce a ƙarshen shekara kwamiti zai zauna ya ga ko zan ci gaba, kuma a yadda abubuwa suke ba ta da abin da za ta nuna musu.

Na fito na zauna bisa matakala. Abin da na gani a idona shi ne tashar Illela, ina saukowa da akwatin nan hannu wofi, yaran da na koyar suna cewa Mushe ya dawo, ana tambaya ina digirin. Na bar aikina, na bar mace da ciki, na bar tsoho da gona. Juma'ar nan da Baba ya tambayi ruwa, na karanta masa kamar kullum, ban gaya masa komai ba.

Wajen karantawar ne abin ya faɗo mini. Ina bin gefen shafi da yatsa, idona ya zame zuwa lambobin da ke tsakiya. Ruwa, talatin da takwas. Ruwa, arba'in da ɗaya. Na koma baya. Rana ta fito, shida. Na ɗauko kayen tun daga shafin farko, na raba ranakun gida biyu bisa tebur, na damina da na rani kamar yadda za mu ce. Ba kullum abin ke bi daidai ba, yakan yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu, amma yana bi.

Na sauka gareji na nuna wa Buruno. Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, ya ce in fassara masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Nauyin iska yana sauka in za a yi ruwa," in ji shi, "amma wannan mun san da shi, na'ura tana gyara lissafinsa. Wani abu ne daban." Ya murza gashin baki. Sai ya bugi goshinsa. "Tiyo! Tiyon roba!"

Ashe gas ɗin yana tahowa daga tukwanen da ke waje ta cikin tiyon roba mai tsawon gaske, wanda ya bi ta bayan gini. Roba ba ta yoyo, amma laima tana ratsa ta a hankali. In an yi kwanaki ana ruwa, ɗan danshi ya shiga gas ɗin, ledar faifan ta sha, kuran ya sami hanyar silalewa, tartsatsi ya yawaita. Muka sauya tiyon da na jan ƙarfe, ni da shi, muna kwance cikin taɓo a bayan gini. Ya tono mini wani tsohon faifai mai rauni a gefe daga cikin kabad. Mako uku ina ƙidaya, ana ruwa ana ɗaukewa, lamba ba ta motsa ba. Sannan muka fara saka danshin da kanmu, gwargwado, muna ganin inda tartsatsi na biyu, mai ƙonewar nan, yake fara biyo na farko. Na zana komai na kai wa Marko, tunda ta hannunsa ake bi. Ya duba, ya ce ba laifi, in bar masa ya ƙara nazari.

A lokacin takardar zamana ta kusa ƙarewa. Ofishin baƙi suka ba ni rana, ta faɗo daidai ranar taron labo na wata. Tun safe nake cikin layi a waje, tsakanin ƴan Bangaladash da ƴan Senegal da wata tsohuwa ƴar Ukraniya da ta raba mana biskit. Da na kai taga, ma'aikacin ya karɓi takarduna, ya ba ni wata ƴar guntuwar rasit, ya ce in jira. Na ce har yaushe? Ya ɗaga kafaɗa. Wani ɗan Senegal ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, da wannan guntuwar kana iya zama, amma in ka fita ƙasar, shigowa sai Allah."

Na koma labo da la'asar, na iske ana taya Marko murna. A allon bango ga zanena, layi ɗaya bai sauya ba, sai launi. Sunansa ne a ƙasa. Ya gaya wa taro cewa ya daɗe yana zargin danshi.

Na juya na fita. Wa zai yarda da wanda ya ƙona faifai? Na shiga ɗakina na zauna gaban akwati, ban ko kunna shi ba. Can sai ga Buruno ya leƙo, ya ce in ba shi kayen, in biyo shi. Ya shiga buron Farfesa ba ƙwanƙwasawa, abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba. Marko yana ciki. Buruno ya buɗe kayen ya ajiye gabanta.

"Shekara talatin ina ginin nan ban taɓa sa baki a maganar takardunku ba," ya ce. "Amma ki dubi wannan. Ga lambobin da aka nuna ɗazu, ga kwanan wata. Marko, tunda kai ka gano, karanta mata abin da ke gefe."

Marko ya sunkuya. Ya ga "hadari bai zubo ba". Ya ga "ruwa kamar da bakin ƙwarya". Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce ai aiki na kowa ne, a labo ba a cewa nawa. Farfesa ta juya shafi, ta juya wani, a karon farko na ga ba ta dubi agogo ba. Ta nuna wata kalma ta ce mene ne wannan? Na ce yayyafi, ruwa ne marar ƙarfi wanda ba ya isa shuka. Ta ce don me nake rubuta shi? Na ce mahaifina ne ke tambaya.

Ta rufe kayen ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce wata mai zuwa ni zan tsaya gaban kwamiti, kuma daga yau aikina ta hannunta zai riƙa bi. Marko bai bar labo ɗin ba, mun ci gaba da haɗuwa a matakala har na gama. Yakan ce sannu, in ce sannu.

Daga nan aiki ya miƙe. Danshi da tartsatsi na biyu suka zama kan digirina. Amma takardar zama ta ƙi fitowa. In ta fito kuma, saura wata biyu ta mutu, a sake shiga layi. Sau biyu ina shirin zuwa gida hutu, sau biyu ina fasawa. Ummi ta yi zama, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, duk a kunne na ji su. Rakiya takan sa ta ta ce "Baba" a salula, wani lokaci ta faɗa, wani lokaci in ji numfashinta kawai da kukan awaki a baya.

A damina ta uku Baba ya kwanta. Rakiya ta ce ƙafafunsa sun kumbura, an kai shi likita Konni an dawo da shi. Na ce zan taho ko da ba zan iya komowa ba. Saura mini wata bakwai in gama. Juma'ar nan aka ɗauke shi bisa amalanke har tudun bayan masallaci, don ya ce shi zai gaya mini da bakinsa.

"Isuhu, an ce kana son ka taho. Kak ka taho. Wanda ya yi shibka ya yi noma, ba shi barin gona saura girbi. Ni na ga ɗiyarka, na ɗauke ta, ta ja mini geme. Abin da ya rage tsakanina da kai addu'a ce, ita ko ba ta bukatar mota. Ka zamna ka ƙare abin da ya kai ka."

Bayan kwana goma sha ɗaya, da hantsi, ina gaban akwati, saƙon ƙanena ya shigo. Baba ya rasu, an riga an kai shi. Na kashe kuran a hankali, mataki-mataki yadda ƙa'ida ta ce, don ko a wannan hali hannuna bai yarda ya ƙona faifai ba. Na fito na yi alwala a bayan gida, na yi masa addu'a a ɗakin ajiyar kaya, tsakanin kwalaye. Babu wanda zai zo ya zauna da ni bisa tabarma, babu mai cewa ya haƙuri.

Buruno ya same ni a can. Bai iya ta'aziyya irin tamu ba. Ya ce in tashi in shiga mota. Muka fita gari, muka yi tafiyar kusan awa ɗaya har muka tsaya a gonar wani ƙanensa mai kiwon shanu. Ya nuna mini bayan rumbun ciyawa, ya ce, "Ban san sunanta da yarenku ba, amma na taɓa ganin hotonta a salularka."

Dawa ce. Gona guda, ta fitar da kai, ta yi ja. Su shanu suke nomawa ita. Na shiga tsakanin kunyoyi har ganye ya rufe ni, na kama zangarniya ɗaya na murza a tafin hannu, na shaƙi ƙamshinta. Kukan da ban yi ba a tasha, ban yi ba ranar suna, ban yi ba a matakala, a nan ya zo. Buruno ya zauna cikin mota ya bar ni har na gaji don kaina.

Na gama a watan da aka sa. Ranar da na kare digirin, Farfesa ta ce akwai aiki na shekara biyu a wani babban wurin bincike, in ina so ta rubuta musu, wannan karon da takardar zama mai ƙarfi. Na ce ta bari in je gida tukuna, in yi shawara. Buruno ya kai ni tasha. Ya rungume ni, ya ce ɗakin yana nan, ba zai ba kowa ba sai ya ji daga gare ni.

Daga Yamai na shiga bas, Doso, Dogon Dutsi, Konni. A Tsarnawa, inda hanya ke karkata arewa, masu albasa suka taso wa motar, wata ta ce mini "Alhaji, a sawo ta Galmi", na saya ba don ina bukata ba, don dai in yi ciniki da Hausa. Ƙanena ya tarye ni Illela da babur. Kafin mu shiga gida na ce ya kai ni maƙabarta. Kabarin ya riga ya kwanta, ƙaya aka jera bisansa saboda awaki.

Rakiya ta rame, amma dariyarta tana nan. Gida ya cika da masu sannu da zuwa da masu ta'aziyyar da ta jira ni wata bakwai. Ummi kuwa ta ɓuya bayan zanen uwarta, ido ɗaya kawai take leƙowa da shi. Aka ce mata ga Babanki, ta girgiza kai. Na ba ta ƴar tsana da takalma, ta karɓa ta gudu. Mata suka yi dariya suka ce kwana biyu ne za ta saba.

Ta saba ɗin, amma ba yadda suke nufi ba. A rana ta huɗu ina zaune gindin itacen bedi a ƙofar gida da hantsi, ta zo da kanta ta dafa gwiwata, tana wasa da agogon hannuna. Ta ɗago ta dube ni sosai.

"Baƙo, kai daga can kake?"

Na ce daga can nake.

"Ka san Babana?"

Rakiya tana bakin zaure da ƙwarya a hannu, ta tsaya cak. Na ce na san shi.

"In ka koma, ka ce mishi shi taho gida. Kullum sai magana yakai, ba shi zuwa."

Na ɗauke ta na ɗora bisa cinya. Na ce mata zan gaya masa, kuma na tabbata zai ji. Ta gamsu, ta zame ta koma wajen wasanta.

Da la'asar na hau tudun bayan masallaci, na ɗaga salula sama har rezo ya kama. Na rubuta wa Farfesa godiya, na ce ta ba wani aikin. Na rubuta wa Buruno na ce ya sa ɗakin haya, amma ya duba da kyau, in ya ga wani ya shigo da jiƙaƙƙen akwati ya fara ba shi. Da rentire ta zagayo, aka buɗe makarantu, na koma aji.

Watanni Ummi ta yi tana ce mini Baƙo. Ban hana ta ba, na kuma hana a tsawata mata. Wata safiya ina tada babur zan tafi lakwal, ta fito da gudu ba takalmi, ta riƙe mini ƙafar wando.

"Baba, za ka dawo yau?"

Na ce kafin azahar.